Pwammor, Gurbin da Na Ƙi Taɓawa

Ranar wata Laraba ce, a kakar shekarar da na shiga ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, Baba ya fara ɗora ni a kujerar direba. Laraba ba ma komawa aji da yamma, don haka ina gindin dogon yaro a ƙofar gida muna carafke da ƙannena, sai na ji ya ƙwala mini kira daga cikin mota. "Uwata, zaka nan." Haka yake kirana, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na tarar da shi a wurin zaman fasinja, ya miƙe ƙafarsa ta hagu, an naɗe ta da tsumma, ta kumbura ta yi sumul kamar tulu. Ya cusa mini buhun dusa a baya don ƙafafuna su kai ƙasa, ya kama hannuwana ya ɗora a kan sitiyari. Ƙarfen ya sha rana, amma ni sanyi nake ji har cikin ciki. Na dube shi ina jiran ya yi dariya ya ce wasa ne, bai yi ba.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a yankin Sukukutane, inda hanya ba ta wuce sawun taya biyu a cikin rairayi. Motar Baba tsohuwar bashe ce mai buɗaɗɗen baya, ita ke kwasar dammunan hatsi daga gonaki, ranar kasuwa kuma ta kwashi mutane da awaki. Mutanen gari sun raɗa mata suna Sai-an-tura, kuma ba su yi mata ƙazafi ba. Batirinta ya daɗe da gajiya, shi ya sa kullum a kan gangaren bayan rumbunanmu take kwana, da dutse a gindin taya. Mu biyar aka haifa a gidan, duk mata, ni ce babba. Aikina surfe, da jan guga a rijiya, da roron wake bayan an tashi daga aji. Sai ga shi a farkon girbi kututturen kara ya soki Baba a tafin ƙafa. Aka sa masa magani na gida, aka tofa, aka ɗaure, ƙafa ta ƙi. Kuma cikin ƙafafu biyu, wadda ake taka ambiriyaji da ita ce ta kamu.

Ambiriyaji shi ne abin takawa na hagu, wanda sai an danne shi har ƙasa kafin a sauya bitesi, wato giyar mota. Shi ya fara koya mini, kuma shi ya fara ba ni kunya. In na sake shi da sauri mota ta yi tsalle ta mutu, in na riƙe shi ta yi ta gurnani a wuri ɗaya. Matan unguwa suka mai da ni kallo, suna leƙe ta saman danga da taɓarya a hannu. Wata gwaggona ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin direba da lalle ba. Baba bai kula su ba. Abin da yake maimaita mini kawai shi ne, "Sake shi sannu, awa kina aje jinjiri mai kwana." Kafin a gama ɗaurin hatsi na iya gangara mota in tashe ta a bitesi na biyu, in kai ta gona in dawo, wuyana a miƙe, gumi na bin bayana. Duk da haka, kullum na hau a tsorace nake.

Amma abin da ya fi tsorata ni kalma ce. A tsakiyar bitesoshin akwai gurbin da sandar sauya su ke sakin jiki, tana lilo ba ta riƙe komai. Direbobinmu suna ce masa pwammor. Su a wurinsu suna ne kawai, kamar yadda ake cewa taya ko burki. Ni kuwa 'yar lakwal ce, kuma malaminmu, da muke kira Mushe, ya riga ya rubuta mana a allo cewa "mor" a Faransanci mutuwa ce. Wato a cikin motar ubana akwai gurbin mutuwa, kuma ana so in kai hannuna can da kaina, da marar lafiya zaune a gefena. A gidanmu ko sunan maciji ba a kira bayan magariba, sai a ce igiyar ƙasa, kuma Inna ba ta rabuwa da cewa "baki shi ke yanka wuya." Sai na ƙulla a raina cewa ranar da na sa motar nan a pwammor, ranar Baba zai tafi. Ban gaya wa kowa ba. In zan tsaya sai in danne ambiriyaji in kashe mota tana cikin bitesi. In ya ce in aje ta pwammor sai in yi kamar ban ji ba, har ya gaji ya kai hannu ya buge sandar da kansa.

Wata safiya muka tashi Baba bai iya zama ba. Jikinsa ya yi zafi rau, kumburi ya haura gwiwa, ɗakin yana wani wari da har yau ban manta ba. Mai ɗaya motar garin ya tafi kasuwa tun asuba, amalanken shanu kuwa sai ta yini ba ta kai asibitin Dutsi ba. Maza suka tsaya cirko-cirko a tsakar gida, babu wanda ya taɓa riƙe sitiyari. Inna ta juyo ta dube ni, ta ɗauko buhun dusar nan ta kai mota. Aka shimfiɗa Baba a baya a kan tabarma, kansa a cinyarta. Gilashin da ke bayan direba ya daɗe da fashewa, don haka ina jin numfashinsa a ƙeyata.

Na yi tafiya mai nisa a bitesi na biyu, ina karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga makewayi. Ƙafata ta hagu ba ta sauka daga kan ambiriyaji ba don tsoro, tun tana ciwo har ta koma rawa. Sai muka iso geben da kowane direba yake shakka, wani busasshen rafi mai zurfin rairayi, da tsohuwar tsamiya a bakinsa wadda ake cewa ta aljana Doguwa ce. Baba ya sha gaya mini cewa a rairayi ba a ɗaga ƙafa daga abin ba mota wuta. Na sani sarai. Amma da na hango tsamiyar nan ƙafata ta ɗaga kanta. Mota ta yi tari, ta girgiza, ta mutu a tsakiyar gebe. Na murɗa makulli, ko ƙyas. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar injin ban tsoro, domin a cikinsa na kasa jin numfashin Baba.

Wasu makiyaya ne suka hango mu daga inda suke kiwo, suka sheƙo da sandunansu. Suka haƙe rairayin da hannu, suka jera rassan sabara a bayan tayoyi, suka ce za su mai da mu baya zuwa kan fako. Suka sa kafaɗa. Na danne ambiriyaji, amma ƙafar ta riga ta ƙare, ba ta kai shi ƙasa. Duk turawar da suka yi sai motar ta cije ta dawo. Babbansu ya leƙo ta taga yana haki. "Yarinya, motag ga riƙe take. Sake ta mana!" Na san abin da ake nufi, na ƙura wa sandar ido ina hawaye. Sai na ji muryar Baba ta ramin gilashi, siririya kamar ba tasa ba.

"Uwata. Pwammor."

Na ce, "Baba, ba ni iyawa. Mutuwa ta."

"In kin bar ni nan, ita ta. Aje ta."

Na runtse ido, na haɗa ƙafafu biyu na danne, na buge sandar. Ta faɗa gurbin ta yi lilo. Na riƙe numfashi ina jiran kururuwar Inna. Abin da na ji shi ne motar tana sulalewa baya da sauƙi, rassa na karyewa, makiyaya suna "Yawwa! Yawwa!" Kafin su kai ta kan fako ƙafata ta huta ta dawo tawa. Suka turo ta da gudu, na sa na biyu, na sake ambiriyaji kamar mai aje jinjiri, injin ya kama. Na ratsa geben nan ban dubi tsamiya ba. A bakin kwalta wani direban tasha ya karɓe ni ya ƙarasa da mu asibitin Dutsi. Likita ya ce da mun ƙara yini, da ba zancen ƙafa ake yi ba. Yatsu biyu aka cire masa.

Bayan ya warware, muna zaune a gindin dogon yaro, na gaya masa abin da Mushe ya rubuta a allo. Ya yi dariya har da tari, sannan ya ja ni zuwa mota. Ya kama hannuna ya ɗora a kan sandar, ya fitar da ita daga na ɗaya a hankali zuwa na biyu, ya tsaya a tsakiya. "Duba nan. Duk bitesin da kinka shiga, ta nan kinka bi. Tun ranar hwarko kina ratsa shi, ba ki sani ba. Wurin hutawa na, kahin a ci gaba."

Yanzu ina aiki a Dutsi, kuma motar da nake ja ba ta da ambiriyaji, ita ke sauya bitesinta da kanta. 'Ya'yana suna ganin tuƙi kamar kunna waya ne. Sai-an-tura tana nan a bayan rumbuna, kaji na ƙwai a kujerar da na zauna. Baba ya ƙara shekaru masu yawa yana ɗingishi, ya aurar da mu duka, ya rasu bara da damina ina riƙe da hannunsa. Na yi kuka sosai, amma tsoron nan na gebe bai zo mini ba, domin maganarsa ta gindin dogon yaro ce ta yi ta dawo mini. Har gobe in na zo tsayawa, ƙafata ta hagu sai ta tashi tana laluben abin da babu.