Raunin da Ba Ya Cikin Takardar Don Teyo

Duk wanda ya san dattijon nan Don Teyo Quiñones a garin Maricao ya san ba ya zama daidai a kujera. Sai ya ɗan karkace zuwa hagu, kamar mai shirin raɗa wa na kusa da shi wani asiri. Haka yake zama a coci, haka a bencin dandali wajen wasan domino, haka ma ya zauna ranar aurensa da marigayiya Provi, har surukarsa ta yi zaton ya ɗan kurɓa ne kafin ya fito. In yara suka tambaye shi dalili, sai ya ce Koriya ce. In manya suka matsa suna son jin daidai inda Koriyar ta same shi, sai ya ce a saman cinya, ta wajen baya, ya kawo zancen ruwan sama.

A gonar gahawa aka haife shi, kuma ya fara tsinka da kwando ɗaure a ƙugu tun bai kai rabin itacen ba. Yana da shekara ashirin aka ɗauke shi soja, shi da maƙwabcinsa Nicomedes Irizarry, wanda tun a lokacin ba mai kiransa sai da Medes. Kafin ranar ba wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa a cikinsu. Suka yi wata guda suna amai kafaɗa da kafaɗa, aka sauke su a fagen yaƙin Koriya, ƙasar da ruwa ke daskarewa a cikin gora. Abin da ya riƙe su shi ne rundunar tasu duk 'yan gida ne. In ka yi ashar akwai mai ganewa, in an aiko wa wani kaya daga gida kowa zai lasa.

Wata safiya cikin watan Satumba na 1952, a kan wani tudu da ba shi da suna sai lamba, Teyo ya sunkuya zai ɗaga garwar ruwa, bom ya faɗi a bayansa. Mutum biyu suka mutu nan take. Shi kuwa guntun ƙarfe ya shige masa a mazauni na dama. Medes ya ja shi cikin rami, ya duba, ya ce sai an sauka da shi wajen likita. Teyo ya ce atafau. Na farko dai, raunin baya rauni ne da sai ka yi ta bayani har ka mutu, kowa zai ɗauka gudu kake yi. Na biyu, wanda shi ne babba, ya ga yadda ake yi da waɗanda aka kai asibiti. In sun warke, wani lokaci ba a dawo da su cikin 'yan uwansu, sai a jefa mutum wata runduna inda ba mai jin yarensa, ya yi ta kaɗa kai kamar ƙadangare. Wannan ya fi ba shi tsoro a kan ƙarfen.

Sai Medes ya yi abin da ake yi a gona in adda ta sari mutum. Ya gasa bakin wuƙarsa, ya ba Teyo ɗamara ya ciza, ya tono ƙarfen, sannan ya kwance ƙunshin garin gahawar da mahaifiyar Teyo ta aiko, ya cika ramin da shi, ya ɗaure. Jini ya tsaya. Sauran sojojin sun yi mako guda suna ƙorafin gahawar Maricao mai kyau da aka rasa inda za a zuba sai can. Teyo ya yi kwana goma yana barci a kife, ya warke, ba likitan da ya gan shi, ba alƙalamin da ya taɓa takarda.

Da suka dawo, Teyo ya sayi motar haya, ya yi shekara talatin da ɗaya yana jigilar mutane tsakanin Maricao da Mayagüez, a kan matashin da Provi ta ɗinka masa, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Medes ya koma gona. Shi ya riƙe Nilda, 'yar Teyo ta fari, ranar da aka yi mata baftisma, tun daga nan suka zama kompai, wato aminan da baftisma ta mayar 'yan uwa, suka daina ce wa juna kai, sai ku. Girmamawar ba ta hana su komai ba. Da ku ɗin Medes ke gaya masa bai iya domino ba, da ku ɗin shi ma yake mayar masa.

Shekara hamsin da 'yan kai Teyo bai nemi komai ba. Takardar sallamarsa na cikin gwangwanin biskit tare da takardun mota, da Turanci take, bai taɓa damuwa da abin da ta ƙunsa ba. Sai bayan rasuwar Provi da shekara biyu, aka yi jana'izar wani abokin yaƙinsu a maƙabartar sojoji ta Bayamón. Bayan an watse, ya bi layin fararen duwatsun yana karantawa a hankali. Ya lura a kan wasu, a ƙarƙashin suna da sunan yaƙi, akwai ƙarin layi ɗaya. Ya tambayi Nilda, ta ce sunan lambar nan ce mai siffar zuciya, wadda ake ba wanda ya zubar da jini a fagen fama. Suka koma gida. Sai ya ɗauko gwangwanin, ya ce ta karanta masa takardar layi layi. Ta zo kan gurbin da aka tanada don raunin da aka samu a yaƙi, ta ce an rubuta babu.

Ya sa ta maimaita. Provi ce kaɗai ta san tabon kamar tafin hannunta, ita ke shafa masa man zafi in damina ta kankama, ga shi ta tafi. Medes ya haura saba'in da biyar. Teyo ya lissafa a ransa, in su biyun suka bi ta, abin da zai rage wa jikokinsa shi ne takardar nan, ita kuma ta ce ba abin da ya faru a kan tudun.

Nilda malamar makaranta ce, ba ta tsoron fom. Ta cika, suka aika wa hukumar da ke gyara takardun soja. Bayan wata tara amsa ta zo cikin ladabi: ba a ƙaryata shi ba, amma ƙa'ida tana son shaidar cewa raunin ya kai a ga likita, su kuwa ba su ga komai a rubuce ba. In yana da wanda ya ga abin da idonsa, ko wata hujja ta asibiti, ƙofa a buɗe take.

Medes ya karɓi aikin shaida kamar an naɗa shi alƙali. Ya yi mako uku yana rubutu da fensir, ya kawo shafi huɗu. Ya sa sunayen mutum biyun da suka mutu da garuruwansu, ya sa yanayin gari a safiyar, ya sa tsawon wuƙar. A shafi na uku ya rubuta, ya kuma ja layi a ƙarƙashi, cewa babu likita ko ɗaya da ya taɓa Eleuterio Quiñones, wato Teyo, kuma ba a buƙaci likita ba, domin shi Nicomedes ya cire ƙarfen gaba ɗaya, bai bar ko ƙwaya ba. Nilda ta karanta ta dafe kai. Ta ce wa babanta wannan layin kaɗai ya isa ya rufe maganar, ya je ya lallashi kompai ɗinsa ya sassauta, ko ya ce wani ma'aikacin jinya ya leƙa ya gani.

Teyo ya hau tudu zuwa gidan Medes da yamma, ya same shi yana baza gahawa a kan siminti. Suka zauna, suka yi zancen kaji, suka yi zancen farashin taki. Har inuwa ta yi tsawo bai iya kawo maganar da ta kawo shi ba. Wannan layin shi ne abin alfaharin Medes tun suna samari. A kowane biki sai ya ba da labarin, yana nuna girman ƙarfen da yatsunsa, kuma ƙarfen kan ƙara girma kowace shekara. Ka ce wa mutum irin wannan ya rantse a kan ƙarya, kuma ƙaryar ta zama mai rage masa daraja? Teyo ya sha ruwa, ya yi sallama, ya sauko. Ya gaya wa Nilda a bar takardar yadda take.

Ita ce ta tuna da ɗaya ƙofar. Ta kai shi asibitin tsofaffin sojoji a San Juan, ya kwanta a kife a gaban wata likita da ba ta kai Nilda shekaru ba, yana kallon bango yana salati irin nasu a zuci. Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta kira su, ta manna hoton a jikin fitila, ta nuna wani farin ɗigo kamar ƙwayar wake, can ciki kusa da ƙashi. Ta ce ƙarfe ne, kuma tsoho. Ta ce rauni mai wannan zurfi aikin likita ne tun ranar farko, za ta kuma rubuta haka ta sa hannu. Nilda har da hawayen murna. Teyo kuwa tun daga San Juan har gida tunani ɗaya yake yi, yadda zai gaya wa Medes.

A dandali ya nuna masa, bayan an tashi daga domino. Medes ya ɗaga hoton sama yana kallonsa ta hasken rana, ya juya shi, ya sake juyawa.

"Kompai, wannan ba nawa ba ne. Wa ya san abin da kuka zauna a kai cikin shekara talatin a wannan akwalar motar taku?"

"Likita ta ce na yaƙi ne, kompai."

"Likitar tana wajen? An haifi uwarta ma a lokacin?"

Medes ya daɗe yana kallon ɗigon. Can ya ce, murya ƙasa ƙasa, a ranar Teyo na ta motsi, ga jini ya hana shi gani. Ya tambaya ko abin na yi masa ciwo duk shekarun nan. Teyo ya ce sai in hadari ya haɗu. Medes ya ce to a Maricao yaushe ne hadari ba ya haɗuwa. Washegari ya zo gidan da shafi na uku, ya soke layin da hannunsa, ya rubuta a gefe cewa ya cire abin da idonsa ya gani, ragowar kuma likita ta fi shi sani. Suka je wajen lauya ya buga hatimi. A hanyar dawowa Medes ya ce duk da haka babban guntun shi ya cire.

Aka aika. Sai jira. Teyo ya koyi ƙarar motar mai kawo wasiƙu tun tana kwanar ƙasa, yakan fito bakin hanya kamar mai duba shuke-shuke. Ana cikin wannan jiran Medes ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa ɗaya ya yi sanyi. Ɗansa ya zo daga birnin Orlando, can ƙetaren teku, ya tafi da shi, wai can ya fi kusa da asibiti, in ya ji sauƙi zai dawo da shi. Teyo ya raka su har filin jirgi. Bencin domino ya samu wani mutum na huɗu, mai kirki, wanda bai iya zagi ba.

Bayan wata goma sha huɗu amsa ta iso. An gyara takardar. A gurbin nan yanzu akwai kwanan wata da sunan ƙasa. Bayan 'yan makonni wani ƙaramin akwati ya biyo baya, da wasiƙar da ke cewa in yana so za a shirya taro, hafsa ya zo ya maƙala masa lambar a gaban jama'a. Teyo ya buɗe akwatin sau ɗaya, ya kalli zuciyar nan shunayya a kan ƙyallenta, ya rufe. Ya sa Nilda ta buga waya Orlando.

Muryar Medes ta yi nauyi, kalmomin na fitowa ɗaya ɗaya. Ya sa aka karanta masa sabon layin sau biyu. Ya tambaya ko an ambaci sunansa, Teyo ya ce shafukansa huɗu suna cikin fayil ɗin har abada, da fensir ɗinsu da komai.

"To a ina za su maƙala muku ita, kompai? In dai gaskiya za a bi, ba a ƙirji ba ne."

Teyo ya yi dariya har da tari. Da ya lafa sai ya ce ba hafsan da zai taɓa masa riga. Wanda ya yi aikin farko shi zai ƙarasa, ko da hannu ɗaya ne.

"Yaushe za ku dawo?"

"Yaron ya ce bayan Kirsimeti."

Nilda ta rubuta wa masu taron cewa a ɗan dakata. Sun sake tuntuɓa sau biyu, sannan suka bari. Kirsimeti uku ke nan. Duk ranar Lahadi bayan coci Teyo kan kira Orlando, wani lokaci Medes ya yi magana, wani lokaci ɗan ya ce yana barci. Akwatin na kan kabad a falo, Nilda na goge masa ƙura in ta zo. Jikoki sun roƙe shi ya saka ta ko don hoto, ya ce su yi haƙuri, akwai wanda ake jira.