Hayaƙin taya da ƙwaryar nono

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a sakandare a Tambuwal, yayana ne ke ɗauke da gidanmu. Babbakar kai da ƙafa na shanu yake yi a bayan kasuwa, kuma da tsofaffin tayoyi yake hura wutarsa, kamar kowa a layin. Kullum ya dawo gida baƙi ƙirin, mahaifiyata za ta miƙa masa ƙwaryar nono. Masu sana'ar sun yarda nono yana wanke hayaƙi daga ƙirji.

Ni kuwa ba ni da aiki sai karatu. Ko gaisuwa nauyi take yi mini.

Wata rana malaminmu ya koya mana darasin ruwan sama mai asid. Ya ce idan aka ƙona abin da ke da farar wuta a ciki, wata iska mai shaƙe mutum tana tashi. Idan ta gamu da danshin sama sai ta zama asid, ta sauko tare da ruwa, ta ci kwanon rufi, ta ƙone ganye. Ya ce matsalar ƙasashe masu manyan masana'antu ce. Da na koma littafi, sai na tarar har roba ta taya da farar wuta ake ƙarfafa ta.

Na tuna kwanon rumfar yayana, duk ya huhhuje. Daga nan na tuna abin da ya fi tayar mini da hankali: ido ma danshi ne, maƙogwaro danshi ne, huhu danshi ne. Wato shi ba sai ya jira hadari ba. A cikin ƙirjinsa ruwan yake sauka kullum.

Na daɗe ina jujjuya maganar kafin na iya faɗa masa. Har da zana masa yadda sinadaran ke haɗuwa a ƙasa da tsinke.

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "To malamin malamai, mi kaka so in yi? In hura da alƙalami?"

"Yaya, da itace."

"Kawo itacen."

Na ɗauki abin da gaske. Na je Kebbe wurin kawuna, na roƙi busassun itatuwa, aka ɗauro mini a babur. Ranar kasuwa yayana ya cika alkawari. Sai dai wutar itace ba ta da zafin taya. Kafin ya gama kan saniya guda, maƙwabcinsa ya sallami mutane da yawa. Wata mai tuwo da ta daɗe tana kawo masa aiki ta ce, "Yau lahiya? Ko sai la'asar za mu ɗora tukunya?" Ta kwashe kayanta ta matsa gaba.

Ina tsaye ina kallo iska ta juyo, hayaƙin tayoyin layin gaba ɗaya ya lulluɓe mu da itacenmu. Yayana ya dube ni da jajayen idanu. Bai yi mini ba'a ba. Da ma ya yi.

Washegari ya koma taya.

Da yamma da ya ɗauki ƙwaryarsa, bakina ya ƙi yin shiru. Na ce nono ciki yake tafiya, ba ya bi ta huhu. Mahaifiyata ta ce, "Kai ɗan nan, ka hana shi wuta, yanzu kuma nonon ma?" Yayana ya ajiye ƙwaryar rabi, ya fita. Gaskiya na faɗa, amma ban ba shi komai a madadinta ba.

A jarrabawar ƙarshe tambayar ruwan asid ta fito. Ban taɓa amsa tambaya da kyau kamar ita ba. Bayan 'yan shekaru tarin ya kwantar da yayana, likita ya ce huhun ya riga ya lalace. Allah ya jiƙansa.

Har yau in na ji ana cewa ilimi ne maganin komai, yayana nake tunawa. Na san sunan iskar, na san abin da take zama, na san inda take sauka, kuma duk wannan bai rage hayaƙin ko kaɗan ba.

Ƙanena ne a rumfar yanzu. Duk lokacin da na je gida, ni nake tsayawa a hanya in sayo masa nonon.