Madobiyar Kaka a Kan Sarki

Wata Asabar da hantsi, a shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, Baba ya dawo daga gidan waya da sababbin kan sarki, ya baje su a tabarma ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanmu na Tudun Wada. Malamin makaranta ne, ba shi da abin sha'awa sai tara kan sarki, ni kuwa aikina in jiƙa tsofaffin ambulan a faranti in ɓamɓaro masa su, bayan na gama shara da ɗiban ruwa. Kan sarkin da ya kawo ranar duk hotunan itatuwan daji ne. Kaka, mahaifiyarsa, tana gefe tana ɓare gyaɗa, sai ta miƙa hannu ta ɗauki guda mai fure rawaya, ta kai shi dab da ido.

"Ai madobiya ce! Me ya kai ta kan sarki?"

Baba ya ce, "Inna, ƙarewa take yi, shi ya sa aka hana sare ta."

Kaka ta yi dariya har gyaɗa ta zube. Ta ce a dajin ƙauyensu madobiya kamar ciyawa take, da ganyenta suka yi kiwon awaki, in ka sari ɓawonta jan ruwa take zubarwa kamar jini. "Wanda bai san daji ba shi ke cewa itace ya ƙare," in ji ta. Ta dage sai an kai ta, mu gani da idonmu.

Da aka yi hutu muka hau mota a tashar Kwangila, ni da Baba da Kaka. Duk hanya tana lissafa mini abin da zan gani, kanya da ɗinya da kurmin da rana ba ta ratsawa, ni kuma na riƙe kwandon da zan cika. Da muka sauka muka bi ta bayan gari, sai Kaka ta tsaya cak. Fili ne fetal har inda ido ya ƙare, kututture bayan kututture, ga hayaƙi na tashi daga ramukan gawayi, ga buhuna an jera a bakin hanya. Ta juya gabas, ta juya yamma, ta ce mun ɓata hanya. Wani tsoho da ya gane ta ya ce, "Nan ne, Gwaggo. Ga rafinku can." Matar da ban taɓa ganin hawayenta ba ko ranar mutuwar mijinta, Kakanmu, ta zauna a kan kututture ta rufe fuska da gyale. Haka muka koma gida, kwandona ba komai a ciki.

Yau Kaka ta daɗe a ƙasa, yarana kuwa ba su san inuwar kurmi ba, sun dai san mai gawayin bakin layinmu. Ni ma a wurinsa nake saye. Duk sanda na hura wuta, nakan rasa dajin wace tsohuwa nake ƙonawa.