Mayafin Inna a Kan Inbata

Ranar da aka haɗa mini inbata, na'urar da ke ba da wuta daga batura in an ɗauke, a gidana na Dutse Alhaji, rangaɗa guɗa na yi ni kaɗai a falo. Ba don fanka ba, don Inna ce. Mahaifiyata tana da ciwon suga, allurarta kuwa sai a firji, shi ya sa ta maƙale a Karshi wajen yayana, kusa da wani kemis mai janareta. Kullum na ce ta dawo wurina sai ta ce wutar unguwarmu baƙuwa ce, ba ta kwana.

Mai haɗawar ya ja mini kunne: ban da dutsen guga, ban da hita, kuma a bar wa na'urar da baturanta iska. Na ce na ji. Washegari na ɗauko Inna, bakina har kunne, sai surutu nake zuba mata a mota. Na gaya mata zancen guga da hita, na iska kuwa ɗoki ya cinye shi.

Da hantsin da ya biyo baya na je Kado na sayo mata kifi. Tun daga ƙofa na jiyo inbata tana tsala ihu. An ɗauke wuta, firji shiru.

Ashe Inna ce ta lulluɓe ta ruf da mayafin nan mai surfani, wanda take rufe rediyon marigayi Baba da shi, har ta ɗora furen roba a kai. Na fizge mayafin. Ƙarfen zafi rau, kamar murfin tukunya. Na kashe ta, na buɗe tagogi, na hau fifita da faifai ina salati. Inna ta ɗauko mafici ta taya ni, tana mita.

"Ke 'yar nan, abin da ke riƙe da raina ne zai zauna tsirara?"

Na ce, "Inna, wannan da hanci take numfashi, irin mu."

Da inbata ta huce na kunna. Firji ya ɗauka. Na buɗe, na taɓa kwalbar allurar, sanyi ƙalau. Dariya nake, hawaye na zuba.

Inna ta ninke mayafin, ta shimfiɗa shi a saman firji, ta gyara masa zama. Sannan ta ce in kira yayana, ya aiko mata da sauran kayanta.