Isuhu Mai-Lauya da Lambar Mamaci

Isuhu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune da kofin shayi ko kurɓa ban yi ba. Matarsa Zuwaira ce ta kira. Ta ce, "Baba, abokin wasanka ya tafi." Na ce ina kuma ya tafi ba sallama? Sai na jiyo kukan yara a bayanta.

Na Allah ne mu, kuma wurinSa muka nufa gaba ɗaya.

Jiya da yamma ya faɗi a bakin motarsa can unguwar Sedgefield, ya fito daga gidan wasu mutane da ya je yi wa bayanin sana'arsa. Aka kai shi asibiti. Bai ga fitowar rana ba.

Ni ban yi boko ba, kun sani. Magana nake yi wayar tana rubutawa, inda ta karkace ku yi haƙuri. Amma yau dole in yi maganar nan. Ni nake wanke mazanmu a garin nan tun ba mu cika sahu biyu ba, kuma ban taɓa neman mai taya ni na rasa ba sai yau. Tun safe nake kira. Wannan ya ce aiki, wancan ya ce mota. Wani bai ɓoye ba, ya ce, "Baba, ai ka san abin da ake faɗa."

Na sani. Na kuma ji wasu sun ce ba za su tsaya a sallarsa ba.

Gobe bayan azahar ne jana'iza. Abin da ya hana ni zama ke nan.

Ga waɗanda ba a Greensboro suke ba, bari in gaya muku wane ne shi. Isuhu mutumin Damagaram ne, ni kuwa Bakane, kun ga tsakaninmu ba a raga wa juna. Da rana yana aikin sito. Da yamma da ranakun hutu ya sa kwat ya bi gida gida yana tallan wani tsari: ka riƙa biyan ɗan abu duk wata, ranar da matsala ta taso ka kira lauya ba sai ka sayar da motarka ba. Akwai kuma na tsaron suna, su riƙa duba maka ko wani ya ɗauki lambarka ta soshiyal, wato lambar shaidar da gwamnati ke ba kowa a ƙasar nan, ya ci bashi da ita. In ka shiga ka kawo wani, kana da rabo. Shi ma wancan ya kawo wani. Daga nan aka sa masa Mai-lauya.

Ni ban shiga ba. Har ya koma ga Allah ban shiga ba, kuma ko yau aka tambaye ni ba zan shiga ba. Na gaya masa ido da ido, sana'ar da sai ka jawo mutum shi ma ya jawo mutum, hankalina bai kwanta da ita ba. Na ga waɗanda suka shiga ƙarƙashinsa da zumuɗi suka gama zagaye dangi ba su ga komai ba. Ba zan yi masa kwalliya don ya mutu ba.

Ya kan ce, "Bon, Baba, kai Bakane ne. Ko Aljanna aka ce ana biya duk wata sai ka nemi ragi."

In ce masa, "Bawana, tashi ka zuba min shayi."

Sai ya tashi ya zuba.

Duk da ban saya ba, shi yake karanta min wasiƙu. Ya zauna a kan darduma ya ware su kashi biyu, wannan ta gwamnati ce, wannan ta 'yan damfara ce, kada ka ko amsa. Ya sayo min injin yayyaga takarda da kuɗinsa. Na ɗora buta a kai. Duk zuwan da zai yi sai ya sauke butar ya yi min faɗa, yana fita in mayar.

Wata rana wani ya kira ni da Turanci wai daga gwamnati yake, in ban faɗi lambata ba 'yan sanda suna hanya. Isuhu yana nan, ya karɓi wayar ya shiga gaishe da mutumin da Hausar Damagaram. Ina gida, ina yara, ina gajiya, ya ruwa a wajenku, an yi shuka? Bai bar shi ya sa baki ba har mutumin ya kashe. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.

Wannan shi ne mutumin da ake cewa ya sayar da mu.

Ga yadda maganar ta taso. Alhaji Sabi'u mai babbar mota da matarsa Hajiya Binta, wadda take kula da tsofaffi a manyan gidajen nan na Irving Park, sun daɗe suna tari don su sayi gida a McLeansville. Sun ga gidan, yara har sun raba ɗakuna. Suka je banki aka ce sunan Hajiya ya ɓaci, wani ya buɗe katunan bashi da shi a jihar da ba ta taɓa takawa ba. Gida ya kuɓuce. Bayan su aka sami wasu gidajen da irin wannan ta faɗa musu.

Ban raina ciwon nan ba. Na ga Hajiya Binta bayan abin, ta rame.

Alhaji Sabi'u ya tura murya a gurup ɗinmu na zumunci. Ya ce mutum ɗaya ne ya zauna a falonsa ya rubuta soshiyal ɗin matarsa, kowa ya san shi. Bai kira suna ba. Ba ya bukata.

Daga ranar aka fara janyewa. A masallaci a ba shi hannu ana kallon wani wuri. Aka yi suna ba a gaya wa Zuwaira ba. Babbar 'yarsa ta tambaye shi da Turanci me ya sa Anti ta daina amsa gaisuwarta.

To, ku saurara. Abin da na gani zan faɗa.

Kun manta lokacin taks na bara waccan? Wani a cikinmu ya ce surukinsa a wata jiha yana cike takardun haraji da araha, kuma yana fito wa mutum da kuɗi fiye da na kowa. Aka ce a tura masa takardu. Mu kuwa komai a bainar jama'a muke yi, kada a ce wane ya ɓoye alheri. Mutum na farko ya ɗauki hoton katinsa ya jefa a gurup ya ce ga nawa. Na biyu ya ce ga nawa. Kafin la'asar gurup ya cika da soshiyal da lasisin tuƙi, har da na jarirai.

Isuhu yana wurin aiki, ya tura murya yana haki, ana jin ƙarar inji a bayansa. "Don Allah ku goge! Jama'a ku goge yanzu, wannan ba wurin sa shi ba ne!"

Me aka amsa masa? Aka ce Mai-lauya ya ga kasuwa za ta wuce shi. Aka bi shi da hotunan dariya.

Ban iya karatu ba, amma ina gane fuska. Na ga fuskar Hajiya Binta a kan lasisi a cikin gurup ɗin nan. Alhaji Sabi'u, daga wayarka ta fito. Ba tonon asiri nake yi ba, kowa ya gani, kowa kuma ya yi irin naka.

Ganina da shi na ƙarshe ranar Lahadi ce, ba wadda ta wuce ba, wadda ta gabace ta. Ya shigo ba kwat, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ban ma iya tsokanarsa ba. Ya zauna ya ce, "Baba, kai ka san kowa. Zan riƙa kiran sunayen 'yan gurup, kai kana gaya min wane ne."

Ya fara. Wannan ya koma Maraɗi tuntuni. Wannan ƙanin matar wane ne, ko jirgi bai taɓa hawa ba, an sa shi ne don ya ga hotunan biki. Wannan sun rabu da mijin ta bar gari. Kun san halinmu, ba ma cire mutum. Cire mutum daga gurup kamar ka kore shi daga zaure ne.

Sai ya ce, "Malam Garba mai nama."

Na ce, Allah ya jiƙansa, da hannuna na wanke shi, shekaru ke nan.

Ya juyo min da wayar. A wurin hoton Malam Garba sai ga wani ƙato da baƙin gilashi, ya rungumi kare a bakin ruwa.

Na ce wannan wane ne?

Ya ce, "Ban sani ba, Baba. Idan mutum ya mutu aka daina biyan layi, kamfani ba wa wani yake yi. Wannan yana cikinmu, yana ganin duk abin da muke turawa. Allah kaɗai ya san tun yaushe."

Duk ta'aziyya, duk suna, duk adireshin gidan da aka ce a hallara, duk ga nawa ga nawa, wannan mutumin yana zaune a wurin Malam Garba yana kallo.

Ban ce shi ne ɓarawon ba. Ban sani ba. Ban ce surukin nan mai taks ba ne, shi ma ban sani ba. Abin da na sani, ƙofarmu a buɗe take, kuma mutum ɗaya ne ya yi ihu a rufe.

Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalminsa. Ya ce, "Baba, ran da na mutu ka sa a cire lambata tun kafin a rufe ni. Kada ku ji kunyata."

Na ce, "Bawa ba ya riga ubangidansa, wuce ka ba ni wuri."

Ya yi dariya kaɗan. Ita ke nan.

Daga baya ya kira ni ya ce ya kai wa shugabannin ƙungiya maganar. Suka ce ba za a cire Malam Garba ba, matarsa tana cikin gurup ɗin, za ta ga an rubuta an cire shi, wa zai iya da kukanta? Wani a cikinsu ma ya ce yanzu kuma matattu Mai-lauya yake nema ya ɗora wa.

Da safen nan na kira mai riƙe da gurup na isar da saƙon Isuhu. Ya ce, "Haba Baba, gawa tana kwance? Mutane za su ce don zargin nan muka cire shi." Na ce to ka fara da Malam Garba. Ya ce zai yi shawara. Har yanzu mai karen yana nan, ku duba da idonku.

Na dakata da maganar nan ɗazu domin waya ta shigo. Alhaji Sabi'u ne, yana hanya da mota. Ashe mai riƙe da gurup ya kira shi.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Baba, an ce za ka sa sunana a duniya."

Na ce, "Na riga na sa. Saura in tura."

Ya ce, "Ka rantse ba shi ba ne."

Na ce, "Ba na rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Kai za ka rantse shi ne?"



Ya ce, "Baba, gidan nan fa. Ka san shekarun da Binta ta yi tana ɗaga tsofaffin mutane don gidan nan? Bayanta ya lalace."

Na ce, "Na sani, Alhaji."

"Raina bai kwanta ba. Wallahi bai kwanta ba."

Na ce, "Ban ce ya kwanta ba. Ka zo da shi a haka. In yana da haƙƙinka, gaban Wanda ya tafi wurinSa ba a ɓatar da ko ƙwaya. In kai kake da nasa, gobe ce kaɗai ta rage maka."

Sai ya ce, "Wa zai zuba maka ruwa?"

Na ce, "Babu kowa."

Ya ce, "Ina Virginia, sai na sauke kaya. In na juyo yau zan iso. Kada ka ba wani." Har zai kashe ya ƙara da cewa, "Ka tura abin naka yadda yake."

To ga shi na tura yadda yake.

Mai zuba ruwa ya samu. Saura masu ɗauka, saura sahu. Wanda yake da aiki gobe ya nemi izini tun yau, kun iya nema in ɗaurin aure ne. Mata ku je wurin Zuwaira, ita kaɗai ce da yara a gidan tun asuba.

Ya Allah, ga Isuhu nan ya zo maKa. Ka fi mu sanin abin da ya yi da abin da bai yi ba. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanyaya masa. Ka tsare masa Zuwaira da yaran, kada su tashi suna sunkuyar da kai idan an ambaci ubansu. Ka mayar wa Hajiya Binta da abin da ya fi wanda ta rasa. Mu kuma da muka saura, Ka yafe mana abin da bakinmu ya faɗa ba da sani ba.

Duk wanda ya karanta, na kusa da na gida, ya tsaya ya yi masa addu'a da sunansa kafin ya wuce.

Mutanen Greensboro kuwa, ba amin a waya nake nema a wurinku ba. Ku zo da ƙafafunku.