Ta Tafi Gida

Ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai yaƙin basasa ya same ni, ma'aikacin jirgin ƙasa a Kafanchan, mawaƙi a coci, sabon ango. Matata 'yar Gabas ce amma haifaffiyar Arewa, Hausarta ta fi tawa daɗi. Tana da ciki na shiga soja.

Da na dawo na tarar da baƙi a ɗakinmu. Na je wurin wani dattijon cocinmu, ya riƙe hannuna, ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri, ta tafi gida. Mu Kiristocin Arewa haka muke faɗa idan mutum ya rasu, ya tafi gida wurin Ubangiji. Ban tambayi kabari ba, don a lokacin mutane da yawa ba su samu kabari ba. Na yi makoki, na sake aure, na shiga duniya. Na yi aiki a Kamaru da Sudan, ko'ina na ga ana tsoron kiran mutuwa da sunanta. Mai Faransanci ya ce mutum ya bar mu, Balarabe ya ce ya koma ga rahamar Allah. Har mamakinsu nake yi.

Yanzu ina Riyadh wurin ɗana, a kan iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa. Ranar Juma'a, da yake ita ce hutu, mukan taru a wani gida a unguwar Al-Badi'a mu yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa. A nan wata ma'aikaciyar jinya mai furfura ta ji Hausata, ta tsokane ni wai Baba ya tuna mata da mahaifiyarta. Ta ce uwar ta gudu daga Kafanchan da cikinta a jirgin ƙasa, ta bar wa wani dattijon coci sallahu cewa ta tafi gida, garin iyayenta, idan mijinta soja ya dawo ya biyo ta. Ta ce har tsohuwar ta rasu bara ba ta yarda an ce ya yashe ta ba. Da ta faɗi sunan uwar, sai na ji sunan matata ce.

Na gaya mata ko ni wane ne. Ta saurare ni har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta ce ta yarda, amma ita ta binne ubanta tun tana yarinya, kuma ba ta da ƙarfin tono shi. Har yau takan ce mini Baba, irin Baban da ake ce wa kowane tsoho.

Dattijon nan bai yi mini ƙarya ba, tausayi ne ya tausasa masa harshe, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Ku da za ku kai wa wani labari mai nauyi, ku faɗe shi ɓaro-ɓaro. Ku da za a kawo muku, ku daure ku tambaya har ku ji abin da kuke tsoron ji.