Ranar da Karyar Yaya Ilu Ta Ƙi Shan Ruwa

Ku da kuka san Yaya Ilu kun san ba ya kai loma baki sai ya gutsura wa karyarsa. Ko a gidan suna ne zai dunƙule tuwo ya cusa a aljihun taguwa, miya na bin cinyarsa, ya ce, "Akwai mai jira." Ni Hansatu ƙanwarsa, da na dawo gidansa a Sule Tankarkar bayan rasuwar mijina, ni ke wanke taguwar nan. Don haka ku yi dariyarku, ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

A shekarun da Nasara suka kafa turakun iyaka ne ya ja ragonsa balami, wanda ya fi kowanne ƙiba, zuwa kasuwar Maigatari. Da la'asar sai ga shi da 'yar kwikwiya a cikin burgame, jakarsa ta fata, wai musaya suka yi da wani Buzu.

Na ce, "Yaya, ina ragon?"

Ya ce, "Ga shi nan, ya koma ƙafafu."

Ƙafafun kuwa ta zama. Ta girma doguwa, siririya, ja-ja-ja irin launin rairayinmu, ƙafa da bakin wutsiya fari. Ƙirji zurfi, ciki a ɗame, kunnuwa a kwance, haƙarƙari kuwa daga bakin zaure kana iya ƙirga su. Ya sa mata suna Ƙyale-su. Ba ta kaɗa wa kowa wutsiya sai shi, ba ta haushin banza. Baƙo in ya shigo, ido kawai za ta kafa masa har ya manta abin da ya kawo shi.

Mu nan kun san idonmu a kan kitse yake. Dabbar da ba ta yi ƙiba ba, ko cuta gare ta ko mai ita marowaci ne. Mata a rijiya suka fara yi mini habaici, wai gidanmu ko kare ba ya ƙoshi. Raina ya ɓaci, na tara ƙanzo da ƙasusuwa a kasko na dire mata. Ta sunsuna, ta dube ni, ta tsallake kaskon ta bi tumaki.

Yaya ya ce, "Hansatu, kitse na rago ne, shi za a yanka. Ita gudu aka halitta mata."

Aiki dai ba zan zalunce ta ba, ta iya. Garke in ya fita tana gefe, ta kewaya gaba ta dawo baya. Tunkiya ta nufi gonar mutane, kafin mai gona ya buɗe baki ta tare ta da kafaɗa. Wata rana Mati mahauci na Gagarawa ya shigo garke ba sallama, ya kama ƙugun wani rago yana matsawa, yadda masu saye ke yi. Bai ji tahowarta ba, sai dai ya ji an riƙe masa riga ta baya. Ya ja, ta ja, rigar ta rabu biyu.

Mati ya ce, "Ilu, dubi abin da mayyar nan ta yi mini."

Yaya ya ce, "Ai ta yi maka ragi. Wando ta saba kamawa."

Mati bai yi dariya ba, kuma bai manta ba.

Wata bazara sai mahaukacin kare ya ɓullo ta wajen Gagarawa, ya ciji jaki da wata yarinya, yarinyar ba ta tashi ba. Tsoro ya shiga kowane gida. Bulama, mai garinmu, ya ce duk karen da ake shakka a kashe shi. Mati ya zo har ƙofar Bulama ya ce a dubi ta Ilu: ta rame, ba ta haushi, ba ta wasa da mutane, ga cizo ta taɓa kai masa. Babu ƙarya a abin da ya lissafa, nan ne tashin hankalin.

Da hantsi, tumaki ba su fita ba, samari suka zo da igiya. Yaya da kansa ya ɗaura mata, don ba wanda ya yarda ya matso. Aka ja ta zuwa rijiya. Al'adarmu a irin wannan, a ajiye wa kare ruwa: in ya sha lafiyarsa lau, in ya ƙi mahaukaci ne, sai kulki. Aka yi ta jiran Bulama har rana ta take, tana ɗaure cikin ƙuna, harshe waje. Na ce a raina, ai ko tabki aka ba ta za ta shanye.

Aka cika kasko aka tura gabanta. Ta dubi ruwan, ta kau da kai, ta juya fuska wajen gida.

Na ga samari suna gyara riƙon kulake. Shekara da shekaru ina zagin karyar nan, amma ranar addu'a nake yi mata a zuci.

Bulama ya ce, "Ilu, ka gani da idonka."

Yaya ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ta riga tumaki sha. Tun tana ƙarama haka take. A kawo garke."

Mati ya ce, "Dabara ce kawai, ranka ya daɗe."

Bulama ya ce a kawo. Na ruga gida na buɗe musu. Tumakin da tun safe ba su ci ba, kuma ba su san muryata ba, suka watse cikin jigawa, wasu gabas wasu arewa. Na dawo hannu rabbana, ina haki, zanena duk ƙarangiya.

Yaya ya ce, "To, sai a kwance ta ta tattaro su."

Bulama ya ce, "In saki mahaukaciya cikin yara? Ka manta yarinyar da aka binne?"

Yaya bai yi musu ba. Ya naɗe hannun taguwa, ya buɗe bakin karyar, ya sa damtsensa tsakanin haƙoranta ya bar shi. Mata suka rufe ido. Ya ce, "In hauka gare ta, ga ni na riga kowa. A ɗaure ni a turkenta."

Bulama ya dube shi, ya gyaɗa kai. Aka kwance igiya, ta fice kamar kibiya, ta ɓace bayan jigawa. Mati ya ce shi ke nan, an saki masifa. Wasu suka fara kwashe 'ya'yansu. Yaya yana durƙushe inda yake, bai ko waiwaya ba.

Can sai muka ji kukan tumaki. Ga su a dunƙule, tana bayansu. Suka yi layi a komin shayarwa, na yi ta zuba guga har hannuna ya yi kanta. Suka ƙoshi suka ja baya, ita kuwa ta tsaya ƙiƙam, ba ta dubi ruwa ba. Kulake suka sake tashi. Ashe wata tsohuwar tunkiya ce mai ɗingishi ke tafe a baya. Duk garin, har Bulama, muka tsaya muna jiran gurguwar tunkiya ta iso ta sha a tsanake. Sai da ta ɗaga baki sannan Ƙyale-su ta sunkuya, ta lashe kaskon nan tas.

Bulama ya ce wa samari, "Ku tafi gida. Da haka kuke da iyayenku, da na huta."

Da muka isa gida na ce, "Yaya, da ba ta sha ba fa?"

Ya ce, "Miƙo mini ludayi tukuna. Ni ma tun asuba ban sha ba, ita nake jira."

Na miƙa masa, ya kai baki, rabin ruwan ya zube a gemu. Ban taɓa ganin tsoro a jikin mutumin nan ba sai ranar, kuma sai bayan komai ya wuce. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa faɗa.

Allah Ya jiƙan Yaya Ilu, Ya yafe masa taurin kansa. Yadda bai taɓa sha ya bar abin kiwonsa da ƙishi ba, Allah Ya shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.